Juya shi ka ga bayansa: yadda ake gane shekarun bajon hular soja

Yau ba ni da baƙo. Ni kaɗai ne, sai wani ɗan ƙarfe da ke gabana a kan tebur, wanda bai kai tafin hannun yaro ba. Da kuna ganina da na ɗaga muku shi. Wannan ɗan ƙarfen ya kusa haɗa ni faɗa da kawuna, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu yi magana a kansa.

Ga yadda aka yi. Bayan babbar sallah na je gida Zariya, na tarar da goggona tana fitar da kaya daga ɗakin da ke yoyo. Cikin kayan akwai tsohuwar adakar kakanmu, Allah ya ji ƙansa. A ƙasan adakar akwai wani ɗan gwangwani, a cikinsa maɓallai uku na tagulla da bajon hula guda ɗaya. Bajon hoton bishiyar kwakwar manja ce a kan ɗan tudu, a ƙarƙashinta an rubuta R.W.A.F.F. Sunan kakan aka sa mini, don haka goggo ba ta kiran sunana. Sai ta ce, "Babana, kai da ka yi boko, duba mana wannan. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya taɓa tayawa, na hana. Shi ne wanda Baba ya sa a yaƙin Jamus, can Garwa."

Wannan labarin da shi muka tashi, cewa kakanmu ya yi yaƙin Jamus a Kamaru. Kuma yaƙin gaskiya ne, an yi shi. Sojojin Najeriya sun shiga Kamaru a 1914, Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, Jamusawan da suka maƙale a dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. To ni dai na karɓi bajon na ce zan bincika. Makonni na yi ina karance-karance, kuma a nan na gano cewa akwai mutane a duniya da aikinsu ke nan, su kalli bajon hula su gaya maka zamanin da aka ƙera shi. Abin mamakin, ba gaban bajon suke fara kallo ba. Juya shi suke yi.

Amma kafin mu juya, gaban ma yana magana. Rundunar da ta yi amfani da wannan bajon ita ce wadda Lugard ya fara haɗawa a 1897, ta sojojin Birtaniya a Afirka ta Yamma, wadda aka taƙaita sunanta da W.A.F.F. 'Yan Kaduna kun san titin Waff, ai daga nan sunan ya fito. Harafin R ɗin nan na farko, wanda ke nuna an jingina rundunar ga sarautar Ingila, ba a ƙara shi ba sai a 1928. Kun ga matsalar? Bajon da ke ɗauke da R ba zai yiwu a ce yana kan hular kowa a Garwa a 1915 ba. Saura shekara 13 a haifi harafin.

Wannan ita ce ƙa'idar da komai ya rataya a kanta, ku riƙe ta. Duk wata alama da ke jikin bajo tana gaya maka lokacin da ba zai wuce shi a tsufa ba. Ba ta gaya maka ranar da aka ƙera shi. Kamar ka ga takardar naira ce da hoton Murtala, ka san ba a buga ta kafin 1976 ba, amma ba ka san ko jiya aka buga ta ba.

Na kakana ba shi da kambi, amma yawancin bajojin sojan Birtaniya suna da kambin sarauta a sama, kuma kambin yana sauyawa. Na zamanin Sarauniya Biktoriya daban, ya tsaya a 1901. Daga 1902 zuwa 1952 sai aka koma wani mai zagayayyen kai kamar ƙwarya a kife, masu harkar suna ce masa kambin sarki. Daga 1953, zamanin Sarauniya Elizabeth ta biyu, sai wanda samansa ya lotsa a tsakiya kamar zuciya. Idan ka iya bambance waɗannan ukun, ka riga ka raba shekara ɗari da wani abu gida uku.

To yanzu mu juya shi.

Abu na farko a baya shi ne abin da ke riƙe bajon a jikin hula. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai kunnuwa biyu, wato 'yan zobba da ake cusawa ta ramin hula a sa fil ta ciki. Akwai kuma mai harshe, wani siririn ƙarfe mai faɗi da ake zurawa ƙasa ta bayan ɗaurin hula. Kunnuwa sun fi daɗewa. Harshe ya shigo ne a farkon shekarun 1900, lokacin da sojan Birtaniya suka sauya fasalin hulunansu. Amma kunnuwa ba su ɓace ba, an ci gaba da yin su, don haka ganin kunnuwa kaɗai ba hujjar tsufa ba ce. Harshen nan kuwa ku lura da shi, domin a jikinsa ne kamfanoni suka fi buga sunansu.

Abu na biyu, da me aka yi shi? Nan ma yaƙi ya bar sawunsa. A 1916, da aiki ya yi wa masana'antu yawa, bajojin da ake yi da ƙarfe kala biyu, fari da ja, aka koma yin da yawansu da tagulla zalla don a rage wahala. A yaƙin duniya na biyu kuma ƙarfe ya yi tsada, ana buƙatarsa wajen makamai, sai aka koma yin bajo da roba. Eh, roba. Idan ka juya irin waɗannan, da yawa za ka ga sunan A. Stanley & Sons na garin Walsall, da 'yan ƙarafa biyu sirara da ake lanƙwasawa su riƙe hula. Wannan kam ba ka buƙatar dogon lissafi, na shekarun yaƙin ne. Daga shekarun 1950 sai alminiyam mai ƙyalli ya shigo, marar nauyi, wanda ba ya buƙatar gogewa. Na tabbata kuratan lokacin sun yi wa wanda ya ƙirƙiro shi addu'a.

Sai uwa uba, tambarin kamfanin da ya ƙera. Yawancin kamfanonin nan a Birmingham da Landan suke. Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Firmin, da Gaunt, da Dowler, da Jennens, da Marples & Beasley. Akwai irin su Lambourne da Woodward da Tiptaft, waɗanda masu tara bajo ke dangantawa da kwangilolin yaƙin duniya na ɗaya.

Ta yaya suna ke zama kalanda? Ta hanyar tarihin kamfanin kansa. Kamfani yana sauya suna, yana sauya adireshi, yana haɗiye wani, wani ya haɗiye shi, kuma duk sauyin yana fitowa a jikin tambari. Bari in ɗauki Gaunt, don shi ne ya fi daɗin misali. J.R. Gaunt ya kafa shi a Birmingham a 1884. A 1899 ya zama kamfani mai rajista, don haka duk inda ka ga Ltd a ƙarshen sunan, ka san ba a kai can baya ba. A 1924 Gaunt ya saye tsohon kamfanin Jennens. To Jennens yana da kwastomominsa, manyan hafsoshi da suka saba da shi, sai aka riƙa buga sunan Gaunt a ƙara da kalmomin "late Jennens", wato wanda a da Jennens ne. Irin yadda mai shago a Kantin Kwari zai gaji shagon ubangidansa amma ya bar sunan maigidan a allo, don kada jama'a su ɓace. Ka ga wannan rubutun, ka san daga 1924 ne zuwa sama. Ka ga Jennens shi kaɗai, to ka koma ƙasa da haka. A ƙarshe shi ma Gaunt ɗin Firmin ya haɗiye shi a 1991.

Firmin kuwa shi ne misalin inda tambari ke ba ka kunya. Kamfanin yana lissafa asalinsa tun 1655. Idan ka ga FIRMIN LONDON kawai, babu adireshi babu komai, to an gaya maka wanda ya yi, amma ba a gaya maka yaushe ba, don sun daɗe ƙwarai suna buga hakan. Maɓallan kakana ukun nan abin da ke bayansu ke nan. Na yi murna da na ga rubutu, na ɗauka na gama, ashe ko farawa ban yi ba. Abin da ya cece ni shi ne gabansu, akwai tambarin masarautar Birtaniya da kambin sarki a sama. Wato tsakanin 1902 da 1952.

Masu saurarenmu na Nijar, ku ma kuna ciki. Bajojin sojan Faransa haka ake karanta su. Manyan masu ƙera su su ne Drago da Arthus-Bertrand na Paris, kuma shi Drago yana buga adireshinsa a baya. Da yake ya yi ta ƙaura daga titi zuwa titi, wani bajon za ka ga titin Béranger, wani titin Olivier Métra, masu harkar da sunan titin suke ware zamani.

Yanzu ga inda ruwa ke ƙare wa ɗan kada. Tunda tambari yana ƙara wa bajo daraja, ai kun san abin da zai biyo baya. 'Yan jabu su ma sun iya buga suna. A wajen masu tara bajojin Birtaniya akwai wata doka da kowane sabon shiga ke koya da kuɗinsa. Tambarin J R GAUNT LONDON na ainihi da ake samu a harshen bajojin bayan yaƙin duniya na biyu ƙarami ne, tsawonsa wajen milimita 11. Akwai wani kuma da ya fi shi tsawo, wajen milimita 15, mai ɗigo tsakanin GAUNT da LONDON, shi wannan sun san shi a jikin na jabu. Milimita huɗu da ɗigo ɗaya, shi ke nan bambancin. Akwai kuma J.R. GAUNT B'HAM. Idan ka gan shi a jikin bajon tagulla na wata tsohuwar runduna, masu harkar za su ce maka bugun shekarun 1970 ne, wanda aka sake yi don sayar wa masu sha'awa, ba wanda soja ya taɓa sawa ba. Ka ga a nan tambarin ba ƙarya ya yi ba. Gaskiya ya faɗa, ita ce ta tona asirin mai sayarwa.

Sannan kar wani ya juya na gidansu ya ga wayam ya ce na bogi ne. Bajojin ƙananan sojoji da yawa ba a taɓa buga musu sunan kowa ba. Gwamnati ta ba da kwangila, an ƙera, an zuba a kwali, an raba. Hafsoshi ne ke sayen nasu da kuɗinsu a wajen teloli, shi ya sa nasu ya fi zuwa da suna, wani lokaci ma a kan ɗan ƙaramin faranti da aka manna a baya.

Wuri ɗaya ne na sani da ake samun shekara cif, shi ne bajon azurfa. A Birtaniya doka ce a kai kayan azurfa ofishin gwaji a buga musu hatimi. Za ka ga 'yan ƙananan alamomi a jere. Zaki mai tafiya yana nufin azurfar ta kai ma'auni. Anka, wannan ƙugiyar jirgin ruwa, tana nufin Birmingham. Kan damisa yana nufin Landan. Sai harafi ɗaya, shi ne shekarar. Haruffan suna zagayowa, amma kowane zagaye da salon rubutunsa da fasalin gidan da aka sa harafin. Kafin 1975 kowane gari da nasa jerin, don haka sai ka fara gane garin kafin ka nemi harafin a jadawali. Sai dai fa mu faɗi gaskiya, bajon azurfa na hafsa ne, kuma a rundunar da kakanninmu suka yi aiki kusan duk hafsoshin Turawa ne har zuwa ƙarshen shekarun 1940. Da wuya ka same shi a adakar gidanku.

To na kakana fa? Na juya shi, babu suna, babu komai. Kunnuwa biyu ne, ɗaya ma a karkace. Bayan nasa a cike yake, da kaushi kamar an yayyafa yashi. Wannan ma bayani ne. Bajon masana'anta bugu ne, ana sa fallen ƙarfe tsakanin ƙarafa biyu masu zane a danna da inji, shi ya sa idan ka juya za ka ga hoton gaban ya lotsa ta baya, ganye-ganye, harafi-harafi. Na kakana zubi ne. An danna bajo na ainihi a cikin yashi, an narka tagulla an zuba a gurbin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunya a kasuwa ya san aikin. A lokacin yaƙin duniya na biyu an yi irin wannan da yawa a wuraren da kaya daga Ingila ba sa isowa da wuri, musamman Indiya da Gabas ta Tsakiya. Kuma sojojinmu ta Indiya suka bi zuwa Bama, runduna ta 81 a 1943, ta 82 ta biyo baya a 1944. Barikin Dalet na Kaduna da barikin Chindit na Zariya duk sunayen wancan yaƙin ne.

In haɗa muku lissafin. R ta ce daga 1928. Kambin maɓallai ya ce kafin 1953, in dai tare aka ba shi su. Zubi ya karkata ga shekarun yaƙi. Na ce ya karkata, ban ce ya tabbatar ba, don maƙerin Bida ko na Kano ma zai iya zuba wa sojan da ya ɓatar da nasa yana tsoron hukunci.

Da na kai wannan bayanin gida, kawuna bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Wato kai yanzu da ɗan ƙarfe za ka ƙaryata iyayenka?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, ban ƙaryata kowa ba. Cewa na yi wannan bajon bai je Garwa ba. Ban ce mai shi bai je ba." Domin wannan ma gaskiya ne, bajo yana ba da shaidar kansa ne kawai. Mutum zai iya shiga soja a 1914 ya kai har bayan 1928 a ba shi sabo.

Goggo ce ta raba gardamar ba tare da ta sani ba. Na tambaye ta yaushe ya rasu, ta ce zamanin Shagari, kuma har lokacin yana zuwa gona da ƙafarsa. Na ce me yake ba ku labari? Ta ce jirgin ruwa, sati da sati ba a ganin ƙasa. Da daji mai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi, da abinci da jirgin sama ke jefo musu. Jama'a, daga Yola zuwa Garwa ba a sati da sati a teku. A 1915 kuma babu jirgin saman da ke jefa wa soja abinci a Kamaru. Wannan Bama ce. Abin da nake zato shi ne, da yake mutanenmu yaƙin Hitila suke kiran yaƙin na biyu, sai Hitila ya zama Jamus, Jamus kuma ta zama yaƙin Jamus ɗin da aka fi sani a kusa, na Kamaru. Baki ya ba baki, shekara saba'in, labari biyu suka narke suka zama ɗaya. Kawu ya yi shiru can ya ce ai shi ma ya tuna tsohon yana ambaton Japan. To Kawu, da ka faɗa tun farko!

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan me. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto ta nemi afuwa, ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ba a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Turawa ba. Waɗanda suka dawo da rai kuma yawancinsu ba su bar wasiƙa ko littafi ba. Abin da suka bari shi ne irin wannan gwangwanin. In aka sayar da shi kuɗin cefanen kwana biyu, bajon zai ƙare a akwatin wani a Turai da 'yar takarda mai sunan runduna, babu sunan mutumin.

Idan akwai irinsa a gidanku, roƙona na farko kar ku goge shi. Na san hannu yana ƙaiƙayi, a samo toka da lemun tsami a dirje ya yi ƙyalli. Dirzar nan tana cinye ƙananan haruffan da muke nema, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ƙyalle mai laushi a bushe ya isa. Ku ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ku ajiye rula a gefe don a ga milimita, ku karkata shi kaɗan yadda inuwa za ta fito da rubutun. Kar ku raba shi da abin da kuka same shi tare, ko maɓalli ne ko takardar sallama, don kun ga yadda maɓallai suka taimake ni. In akwai lambar yabo a ciki, ku duba gefenta. Lambobin Birtaniya na yaƙin farko ana buga lambar soja da sunansa da rundunarsa a jiki, taurarin yaƙi na biyu kuwa yawanci haka aka raba su babu suna.

Na mayar wa goggo bajon cikin gwangwaninsa, yau aro na yi don shirin nan, da sharaɗin in mayar ranar Juma'a. Ta ce mini akwai yayarta a ƙauye wajen Soba, ta girme ta da shekara tara, ita ta ga ranar da ya dawo, har tana tuna wata faffaɗar hula da ya shigo da ita. Ranar Asabar in Allah ya kai mu can na nufa, da waya cike da caji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.